Sunan Gwaggo Mairama a Gefen Shafi

Birnin Kudu,
18 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga Baba Ɗanbala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan an yi Sallah lafiya, kuma ciwon idon da aka ce yana damunka ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafi. A gaida Gwaggo Mairama da duk mutanen gida.

Baba, ni ce Turai, 'yar marigayi Malam Iliyasu, wadda take koyarwa a makarantar 'yan mata. Rabonka da ni tun addu'ar bakwai ɗin mahaifinmu, shekara uku ke nan. Na kira wayarka sau biyu, aka ce ba ka jin magana sosai ta waya, shi ya sa na rubuto na ba Dabo direba.

A watan Oktoba ƙungiyarku ta wasan kwaikwayo, Tauraron Kudu, za ta cika shekara arba'in. Tsofaffin ɗaliban mahaifinmu sun shirya a sake yin wasanninsa huɗu a nan Birnin Kudu, ni kuma aka ɗora mini rubuta ɗan littafin tarihinsu da za a raba ranar taron. Wasannin suna hannuna, waɗanda ya buga da tafireta, amma babu inda ya nuna a ina aka yi su, ko yaushe, ko wa ya fito a matsayin wa. Cikin waɗanda suka hau dandamali da shi kai kaɗai ka rage a kusa. Don Allah ka rubuto mini duk abin da ka tuna, ko da ka ga kamar ba shi da amfani.

'Yarka,
Turai Iliyasu.

Zandam, Gwaram,
2 ga Mayu, 2024.

'Yata Turai,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗi. Muna lafiya. Idon dama ne ya yi yana, na hagu kuma da shi nake wannan rubutu, sai ki yi haƙuri da karkacewar layi. Gwaggonki ƙafa ce ta hana ta fita, amma bakin yana nan.

Ga abin da na riƙe. Wasan farko shi ne An Toshe Burtali. Mun fara yin sa a filin firamare na Gwaram bayan girbin 1984. Dandamalin gangunan mai ne guda shida, aka jera katako a kai. Lasifika ta Malam Simon ce, malamin asibiti, da batirin mota ake kunna ta. Ni na fito manomin da ya shuka gero a kan hanyar shanu. Da muka kawo shi nan Zandam shekara ta gaba, wani dattijo makiyayi ya kasa daurewa, ya hawo dandamali ya ɗirka mini sanda a kafaɗa, yana cewa in matsar da gonata. Jama'a suka zaci cikin wasan ne, suna ta dariya, ni kuwa kwana huɗu ban ɗaga hannu ba. Wannan wasan mun yi shi sau talatin da ɗaya.

Rijiya Biyu a Kiyako muka buɗe shi, 1986. Ruwa ya sauko ana tsaka da yi, mutane suka ƙi tashi, muka ƙarasa shi a jiƙe, ba lasifika. Mai Allurar Kasuwa a Sundimina, 1987. Malam Simon ya fito likitan ƙarya, ya iya abin har mata suka yi makonni suna gudun allurarsa a asibiti. Gyaɗar Bana shi muka kai gasa Kano a 1989, muka zo na biyu.

A lokacin mace ba ta hawa dandamali, mu maza muke fitowa mata. Tsohuwar nan ta cikin Rijiya Biyu ni ne, da zanen gwaggonki da ɗankwalinta. Wasanmu na ƙarshe a Birnin Kudu ne, 1997. Mutanen da suka zo ba su kai arba'in ba, saura suna gidan kallon bidiyo. Muka sauke katako, ba mu sake ɗorawa ba.

Duk wasannin nan huɗu hannun Iliyasu ne ya rubuta su, ina zaune ina gani. Amma kafin ki rufe aikinki ki zo ki yini da gwaggonki Mairama. Wannan ba maganar takarda ba ce.

Ki gaida mahaifiyarki Hajiya Kubra da yayanki Safiyanu.

Babanki,
Ɗanbala.

Birnin Kudu,
20 ga Mayu, 2024.

Baba,

Ina gaisuwa, ya jiki? Wasiƙarka ta sa Inna dariya har da hawaye, musamman maganar sandar nan. Ta ce ta tuna ranar da aka dawo da kai kana riƙe da kafaɗa.

Na fahimci ƙorafinka a kan zumunci, kuma da gaskiyarka, mun yi sake. In Allah ya yarda zan zo in gaida Gwaggo da zarar an gama jarrabawa. Sai dai masu buga littafi suna son aikin kafin ƙarshen Yuni. Ina neman izininka in sa maganarka, inda ka ce hannun Babanmu marigayi ne ya rubuta su kana gani, a bayan littafin da sunanka. In ban ji daga gare ka ba zan ɗauka ka yarda.

Turai.

Birnin Kudu,
29 ga Yuli, 2024.

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri, ya damina? Shiru ya yi yawa, wata biyu ba amsa. Sai jiya Dabo yake gaya mini an yi maka aikin ido. Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ne. Ka yafe mini, ban sani ba, kuma zuwan da na yi alkawari aiki ya hana.

Ga littafin nan ya fito, na sako maka guda biyar. Duba shafi na tara, akwai hotonka da ɗankwali, a akwatin Baba na samo shi. Maganarka tana bango na baya da manyan baƙaƙe. Duk wanda ya gani sai ya ce babu shaidar da ta kai ta wanda ya gani da idonsa. Ka ba Gwaggo guda ɗaya a nuna mata hotuna.

Turai.

Zandam,
11 ga Agusta, 2024.

Turai,

Mun gode da gaisuwa. Idon ya buɗe, alhamdu lillahi. Wasiƙarki ta Mayu tana ƙarƙashin matashina tun ranar da ta zo, don ba na ba kowa takardata ya karanta mini. Sai makon jiya na buɗe su biyun tare, da littafin.

Ba ƙorafin zumunci na yi miki ba. Na ce hannunsa ne ya rubuta. Ban ce shi ya ƙirƙira ba. Tunda kin ƙi zuwa, dole in sa a takarda abin da na so ki ji daga bakin mai shi.

A 1983 aka turo mahaifinki koyarwa nan Zandam. Ya sauka a gidanmu, don kakanki da mahaifiyarmu 'ya'yan wa da ƙani ne. Lokacin Yaya Mairama ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, tana kai fura da nono kasuwa. In ta dawo da la'asar sai ta zauna tana wanke ƙwarya tana kwaikwayon mutanen da ta gani, mai awo, dillali, matar da ta zo ƙara, kowa da muryarsa. Iliyasu ya fara zama da littafi a gwiwa. Burtalin nan da kuka sani, shanun mahaifinmu ne aka tare wa hanyar rafi, ita ce ta tsaya a gaban mai gonar ranar. Rijiya Biyu faɗan maƙwabtanmu ne. Waƙoƙin duka nata ne. Ita take cewa wane zai shigo, me zai faɗa, ina za a tsaya. In ya karanta mata ta ji ba daidai ba sai ta ce, "Goge, Malam, mace ba ta faɗin haka a gaban surukinta." Ya goge.

Da za a fara wasa ya ce in aka ji bazawara ce ta shirya wasan kwaikwayo, babu mai aurenta, kuma za a yi da ita a gari. Gaskiya ne a lokacin, muka yarda. Da muka dawo daga Kano da takardar yabo da sunansa a kai, a bayan mota na ce masa, "Yaya Mairama fa?" Ya ce, "In lokaci ya yi, Ɗanbala." Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta aurar da su, mijin na biyu ma ya rasu. Lokacin bai yi ba. Sau ɗaya ta taɓa ganin wasanta, daga bayan zana, tana goye da yaro.

Ni na karanta mata littafinki, tun daga farko. Na zo kan sunayen da kika gode wa, har da kafintan da ya ba mu katako, har da mai batir. Ta ce, "Duba ƙarshe." Na juya, sai ga maganata da manyan baƙaƙe da sunana a ƙasa. Na so in tsallake, ta ce in karanta. Na karanta. Ta ce, "To," ta nemi a miƙo mata buta.

Kin sa na yi wa yayata shaidar zur a gaban duk wanda zai riƙe littafin nan.

Ɗanbala.

Birnin Kudu,
19 ga Agusta, 2024.

Baba,

Ina gaisuwa, kuma na yi murna da idon ya buɗe. Amma ka yi haƙuri, yau zan yi magana ba kamar 'ya ba.

Shekara arba'in kana ina? Shekara talatin da bakwai daga ciki yana raye, kuna cin tuwo a kwano ɗaya duk Sallah. Kai ka tsaya a kan kabarinsa ka ce ba a taɓa yin mai fasaha irinsa a ƙasar nan ba, ina cikin gida aka zo aka faɗa mana. Sai yanzu da ba zai iya buɗe baki ya kare kansa ba?

Ban ce Gwaggo ba ta ba shi labarai ba. Kowace tsohuwa a gidanmu tana da labari. Amma ba da labari daban, a mai da shi wasa a tara mutum goma sha biyu a koya musu daban. Ni na ga yadda muryarsa take dishewa saboda gwaji. Ni na san shekara biyun da aka jefa shi wani ƙauye mai nisa saboda wani babba ya ga kansa a cikin An Toshe Burtali, Inna tana fama da mu ita kaɗai. A lokacin ba a nemi Gwaggo ba, sunansa aka nema, shi ya sha wahalar.

Kuma da ka rubuta maganarka a fili tun watan Mayu, da ba mu kai nan ba. Ka rubuta rabin magana, ka bar ni in yi duba.

Ban nuna wa Inna wasiƙarka ba, hawan jininta ba zai ɗauka ba.

Turai.

Zandam,
27 ga Agusta, 2024.

Turai,

Muna lafiya, gero ya fara fitar da kai. Abin da kika faɗa a kaina gaskiya ne. Na yi shiru don ina son hawa dandamali, kuma shi ne mai ƙungiya. Bayan an daina wasa na yi shiru don kunya. Wahalar da ya sha ma gaskiya ce, ban rage masa ita ba.

Ba zan yi musu da ke ba. Kafin tafireta akwai littattafan makaranta guda huɗu masu shuɗin bango. A ciki ya fara rubutu. Bai taɓa yar da takarda ba, na san suna nan. Ki nemo su ki duba gefen shafi. In ba ki ga komai ba, ki ce tsufa ne ya taɓa ni, na yarda.

Ɗanbala.

Birnin Kudu,
15 ga Satumba, 2024.

Baba,

Ina gaisuwa tare da neman gafara. Ya ƙafar Gwaggo?

Na same su a gidan Yaya Safiyanu, a ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin takardun makaranta. Gara ta ci gefen ɗaya, sauran ukun lafiya. Kusan babu shafin da ba shi da jan biro. "Yaya M. ta ce manomi ya fara shigowa." "Yaya ta ce wannan waƙar ta yi tsawo." "A tambayi Yaya yadda zai ƙare." A Rijiya Biyu akwai shafi uku da ya bari fari, ya rubuta a sama, "Yaya ba ta da lafiya, sai ta tashi." Rubutunsa ne, na san yadda yake lanƙwasa wasali.

Na zauna a tsakar gida da littafin a cinyata har aka kira la'asar ban sani ba. Na fi jin haushinsa da ya ajiye su. Da ya ƙone su da na ce bai san abin da ya yi ba.

Na nuna wa Yaya Safiyanu. Ya karanta shafi biyu ya rufe, ya ce littafi ya riga ya fita, an raba ɗari uku, kuma ranar taron za a sa wa ɗakin karatu sunan Baba. Ya ce in ina son in kashe Inna in ci gaba. Na ce masa ni aka ba jawabin godiya, kuma zan faɗa a gaban kowa cewa wasannin nan na Mairama ne, Baba ya rubuta ya kuma shirya. Ka gaya mata haka. Taron ranar Asabar ne, goma sha biyu ga Oktoba, kuma gidan rediyo zai sa shi washegari da yamma.

'Yarka,
Turai.

Birnin Kudu,
16 ga Oktoba, 2024.

Baba,

Ina gaisuwa. Na san kun ji, don haka ba zan yi kwana-kwana ba.

Ɗakin taron ya cika har waje. An yi wasanni biyu da safe, biyu bayan azahar. Wannan karon mata ne suka fito mata, ɗalibaina ne ma wasu. Malam Simon ya zo daga garinsu da sanda, aka zaunar da shi kusa da Inna a layin gaba. Takardata tana hannuna, na rubuta maganar na haddace ta.

Da aka zo waƙar burtali sai jama'a suka kama, tsofaffi suna yi tare da yara. Na dubi Inna, ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta suna rawa. Sai aka yaye ƙyalle daga allon da aka rubuta sunan Baba, aka kira ni. Na tsaya, na ga Yaya Safiyanu yana kallona, na ga Inna tana share ido tana murmushi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Muna kuma godiya ga Gwaggo Mairama ta Zandam, wadda ta taimaka wa marigayi da shawarwari." Aka tafa kaɗan. Na wuce kan masu abinci da masu kujeru.

Ba ni da uzuri. Na ji tsoro, kuma na so Inna ta koma gida da mijinta kamar yadda ta san shi.

Ga abin da nake roƙo. A shafin ƙarshe na littafi na huɗu Baba ya rubuta, "Wasa na biyar, na matan bakin rafi. Yaya ta ce sai ta gama shi a ranta." Ba a taɓa rubuta shi ba. Ku bar ni in zo hutun nan da na'urar ɗaukar murya, in zauna da ita ko mako ne. Zan rubuta shi, ɗalibaina su yi shi, a buga shi da sunanta ita kaɗai. Wannan babu wanda zai hana ni.

Turai.

Zandam,
3 ga Nuwamba, 2024.

'Yata Turai,

Takardarki ta iso. Muna lafiya, an cire gyaɗa, ta yi kyau bana. Ƙafar gwaggonki tana nan yadda take.

Mun ji. Na gaya mata alkawarinki tun Satumba, don haka ranar Lahadi ta sa aka fito da ita inuwa tun kafin lokaci, ta yi wanka ta sa sabon zane. Matan maƙwabta uku suka zo suka zauna, don ta gaya musu za a faɗi wani abu a kanta. Da aka sa waƙar burtali ta ce sun yar da baiti ɗaya, na saniyar da ta bar ɗanta a hayin rafi, ta rera mana shi. Ta kuma ce yarinyar da ta fito tsohuwa ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba.

Sai aka zo kanki. Muka ji sunanta, muka ji shawarwari, muka ji masu kujeru. Matan suka ce mata barka, an ambace ta a rediyo. Ta amsa musu. Da suka tafi ta ce da ni, "Ashe shawara na ba shi."

Ba zan zage ki ba. Abin da kika yi na minti ɗaya ni na yi shi shekara arba'in.

Na karanta mata roƙonki sau biyu. Ta ce in gaishe ki, in gaida Hajiya Kubra, in ce miki wasan matan rafi ta manta shi. Na rubuta miki yadda ta faɗa.

Jiya da hantsi tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta, ina daga zaure, na ji tana yin muryar mata uku a bakin ruwa, wannan ta faɗa wannan ta mayar. Har takan tsaya ta koma baya ta gyara. Na lallaɓa na ɗauko biro da takarda. Ta ji motsina, ta yi shiru, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

In kin tashi zuwa gaisuwa ki zo, gidanku ne. Kada ki zo da na'ura.

Babanki,
Ɗanbala.